Daga Ina Hasken Ya Fito? Haske da Ibada a Zanen Addinin Kirista

A tsakiyar birnin Roma, taku kaɗan daga dandalin Navona, akwai wata majami'ar Faransawa mai suna San Luigi dei Francesi. In ka shiga ka bi hannun hagu har ƙurya, za ka tarar da mutane cirko-cirko a bakin wani ɗan ɗakin addu'a mai duhu, kowa yana jiran wani ya yi ta maza. Akwai ɗan akwati a gefe, sai an jefa masa tsaba fitilun ɗakin suke kamawa, su yi 'yan mintoci su mutu. Da zarar wani ya jefa, manyan zane guda uku sai su fito daga duhu. Na bangon hagu shi ya fi tara jama'a: Kiran Matiyu, wanda mai zanen Italiya Caravaggio ya zana tsakanin 1599 da 1600. Labarin mutumin da aka tayar daga kan teburin kuɗi ne, amma ga shi ba ka ganinsa sai ka sa hannu a aljihu.

Labarin gajere ne ƙwarai, aya ɗaya ce a Linjilar Matiyu, sura ta 9 aya ta 9. Yesu yana wucewa ya ga Matiyu zaune a wurin karɓar haraji, ya ce masa "Bi ni," shi kuma ya tashi ya bi shi. Mai karɓar haraji a wancan zamani mutum ne da ke tatsar 'yan'uwansa yana kai wa masu mulki, ana yi masa kallon maci amana, mutanen kirki ba sa cin abinci da shi. Wannan aya ɗaya ita Caravaggio ya shimfiɗa a kan ƙyallen da ya haura mita uku tsawo da faɗi.

Mutum biyar ne zaune a teburi, sanye da tufafin Italiyawan zamanin mai zanen, hula da gashin tsuntsu, wani da takobi a ƙugu. Ga tsabar kuɗi, ga littafin lissafi, ga tawada. Wani tsoho ya gyara tabarau ya duƙufa a kan kuɗin. Daga dama mutum biyu sun shigo ba takalmi, da tufafin dā: Bitrus, almajirin Yesu, wanda ya ba mu baya, da Yesu, wanda jikin Bitrus ya kusa rufe shi gaba ɗaya. In ba ka lura ba, ba za ka ga siririyar da'irar da ke saman kansa ba, kamar zare take. Ya miƙa hannu, yatsun a sake, irin hannun Adamu da Michelangelo ya zana a rufin ɗakin addu'a na Sistina. Ƙafafunsa kuwa sun riga sun juya zuwa ƙofa. Bai zo zama ba.

A bangon da ke bayansu akwai taga. Murfinta a buɗe yake, sandunanta sun yi siffar gicciye, amma ko ɗigon haske ba ya shigowa ta cikinta. Hasken da ke cikin zanen daga wani wuri yake zuwa, daga sama ta dama, waje da iyakar ƙyallen, ya ratso ta saman kan Yesu ya gangaro a karkace, ya bi hanyar da hannun ya nuna har ya faɗa a kan fuskokin mutanen teburi. Duk wanda ya taɓa zama a zaure mai duhu da rana tsaka, aka ɗaga asabari haske ya shigo kamar wuƙa, ya san irinsa.

Tambayar da ta fi amfani a gaban kowane zanen addinin Kirista ke nan: daga ina hasken ya fito, kuma a kan wa ya sauka? Mutane kan tsaya a kan kyan fuska ko iya haɗa launi. Amma inda mai zane ya ajiye tushen haskensa, nan yake faɗin abin da ya yi imani da shi game da yadda Allah yake riskar mutum.

Kafin a kai nan, sai da Kiristoci suka yi rigima a kan zanen kansa. Mai karatu Musulmi zai ce, ai siffanta annabi da hannu abu ne da ba a yi. Kiristoci da yawa ma haka suka ce, suna kafa hujja da dokar da ke Littafin Fitowa ta hana yin gunki ko siffa. A daular Rumawa ta Gabas, mai hedikwata a birnin da yau ake kira Santambul, an shafe fiye da shekara ɗari, daga wajen 726 zuwa 843, ana farfasa hotuna ana mayar da su, gwargwadon ra'ayin sarkin da ke kan gado. Babban mai kare hotunan, Yohanna na Dimashƙu, a ƙarƙashin mulkin Banu Umayya ya rayu, inda hannun sarkin Rumawa ba ya kaiwa. Hujjarsa ita ce, tun da a aƙidar Kirista Allah ya ɗauki jiki har idanu suka gan shi, to abin da ido ya gani hannu zai iya zanawa. Taron bishop-bishop na biyu a Nikiya, a 787, ya yanke cewa hoto girmamawa ake yi masa, bauta kuwa ta Allah ce shi kaɗai, kuma girman da aka ba hoto yana wucewa ne zuwa ga wanda aka zana. Tun wajen shekara ta 600 ma Paparoma Giregori ya rubuta wa wani bishop a Marsel cewa zane shi ne littafin wanda bai iya karatu ba.

To an yarda a zana. Saura babbar matsala: jiki dai ana iya zana shi, amma yaya ake zana tsarki? A nan haske ya shigo. Linjilar Yohanna ta buɗe da maganar hasken da ke haskakawa cikin duhu, duhun bai rinjaye shi ba, kuma a sura ta 8 Yesu ya kira kansa hasken duniya. Siffanta shiriya da haske ba baƙon abu ba ne ga Musulmi ma. Wanda ya san ayar fitila cikin alkuki a Suratun Nur ya san wannan. Masu sana'a a Alƙahira sun rubuta ayar a jikin fitilun gilashi na masallatai a ƙarni na 14. Kiristoci kuwa sai suka kai nasu cikin zane.

Amsar farko zinare ce. A allon katako ake shafa alli da manne, a bi da jan yumɓu, a shimfiɗa ganyen zinaren da aka buge har ya fi fatar albasa sirantaka, sannan a goge shi da dutse mai santsi ko haƙorin dabba har ya ɗauki ƙyalli. Launukan kuma da ƙwaiduwar ƙwai ake kwaɓa su. A irin wannan zane babu inuwa a ƙasa, babu safe babu yamma, domin wurin da ake nunawa ba na rana da wata ba ne. Masu zanen cocin Otodoks na Rasha, wannan shimfiɗar da ke bayan waliyyi "haske" suke kiranta da harshensu, kuma fuska ma daga launi mai duhu suke fara ta, suna ƙara mai haske bisa mai haske har ta bayyana. Kaso mai yawa na zinaren da ke yawo a kasuwannin Bahar Rum a wancan zamani daga Afirka ta Yamma ya fito, daga ma'adinan Bambuk da Bure, raƙuma suka ƙetara Sahara da shi. Masu bugun ganyen zinare a Italiya kuwa tsabar kuɗin zinare suke bugewa. Ke nan ba mamaki a ce wani ɓangare na sararin samaniyar waliyyan Siyena da Fulorans ƙasar Mali ce.

Zinaren nan, a gidan tarihi ƙarƙashin ƙwan lantarki, shiru yake yi kamar murfin kwano. Ba don nan aka yi shi ba. An yi shi ne don harshen kyandir da fitilar mai, wanda ke rawa, zinaren ya yi rawa tare da shi, har mai durƙuso ya ga kamar allon yana numfashi. Da mai zane Duccio ya gama babban allonsa na Maryamu a 1311, rufe shaguna aka yi a Siyena, aka ɗauko shi daga ma'aikatarsa da jerin gwano da kyandirori har babbar majami'a.

Daga ƙarni na 15 aka fara juya wa zinare baya. Alberti, wani masani ɗan Italiya, a rubutunsa kan zane na 1435, ya ce gwanintar mai zane ita ce ya nuna ƙyallin zinare da launi kawai. Da aka koma zana ɗaki kamar ɗaki, mutum da inuwarsa, sai tambayar tushen haske ta zama dole. Kuma wata mata ce ta ba masu zane ɗaya daga cikin amsoshi mafi daɗi. Birgitta ta Suwidin ta je ziyara Baitalami a 1372, ta ce an nuna mata haihuwar Yesu cikin wahayi: Yusufu, mijin Maryamu, ya kawo kyandir ya kafa a bango, amma hasken da ke fita daga jikin jaririn ya shafe na kyandir ɗin sam. Wajen 1490 wani mai zane a Holan, Geertgen tot Sint Jans, ya yi ɗan ƙaramin allo da bai fi littafi girma ba, yau yana Landan. Dare ne baƙi ƙirin. Jaririn da ke kwance a komin dabbobi shi ne fitilar, shi ke haska fuskar uwarsa da ta ƙananan mala'iku. Can nesa a kan tudu makiyaya sun hura wuta, amma wutar tasu ta dushe a ƙarƙashin hasken mala'ikan da ke sama. Wuta uku a allo ɗaya, kuma an jera su bisa daraja ba tare da an rubuta kalma ko ɗaya ba.

Wanda na fi jin kusanci da shi a wannan layi shi ne Georges de La Tour, mutumin yankin Loren na Faransar yau, wanda aka manta da shi bayan mutuwarsa a 1652 har sai da wani masani Bajamushe ya tono sunansa a 1915. A zanensa na Yusufu masassaƙi, wanda ke gidan tarihi na Luba a Faris, tsohon ya sunkuya yana huda gungumen katako, yaro Yesu kuma yana riƙe masa kyandir. Yaron ya kare harshen wutar da tafin hannunsa na hagu, hasken ya ratsa tsakanin yatsun ya mai da su ja, har da datti a farcen. Wanda ya tashi a gidan da ake kunna aci-balbal, ya taɓa kare ta daga iska a tsakar gida ya ga jinin yatsunsa, ba ya bukatar a yi masa bayani. Kyandir na kasuwa ne, ba wani abin al'ajabi. Sai dai fuskar yaron ta fi ƙarfin abin da kyandir ɗaya zai iya yi, kuma katakon da abin hudar sun haɗu sun yi siffar gicciye a ƙasa. La Tour ya yi wannan shiru ne a ƙasar da yaƙin shekara talatin ya ɗaiɗaita. Garin da yake zaune, Luneville, an ƙone shi a 1638.

Mu koma ɗakin Matiyu. Kuɗin ƙawata shi wani Kadinal, wato babban malamin cocin Katolika, Bafaranshe ne ya bari, Matthieu Cointrel, wanda ya mutu a 1585, shi ya sa aka zaɓi labarin takwaransa. Aikin ya yi ta jan ƙafa har shekarar Jubili ta 1600, shekarar babbar ziyarar ibada ta Katolika, ta matso, lokacin da maziyarta za su cika Roma, sai aka ba Caravaggio, matashi ɗan shekara 27 da bai taɓa yin babban aikin coci ba. Lokacin cocin Katolika yana cikin mayar da martani ga Furotesta. Taron shugabannin cocin a garin Tirento ya yanke a 1563 cewa hotuna za su zauna a majami'u, amma su koyar, su motsa zuciya zuwa ga ibada, ban da batsa ko ruɗani.

Caravaggio ya lura da ɗakin kansa kafin ya ɗauki buroshi. Tagar gaskiya ta ɗakin tana saman bagade, kuma zanen yana bangon hagu, don haka hasken da ya zana yana zuwa ne daga gefen da hasken gaskiya yake shigowa, gefen da fada, wato limamin cocin, yake tsayawa ya jagoranci sujada. Mai durƙuso a wurin zai ga hasken da ya kira Matiyu daga bagade ya taso. Wannan kam ba ya fitowa a hoton waya.

Italiyawa suna kiran wannan wasa da haske da duhu kiyaroskuro, haɗin kalmominsu biyu na haske da duhu. Mutanen zamaninsa sun ba da labarin yadda yake aiki: ɗaki mai duhu, haske ɗaya daga sama, da mutanen titi da yake tsayarwa a gabansa ya zana su yadda suke. A 1605 matar da ta ba shi hayar gida ta kai ƙararsa kan bashin haya da ɓarnar silin, wasu masana na ganin huda shi ya yi don haske ya shigo.

Amma wane ne Matiyu a cikin biyar ɗin? An daɗe ana ɗauka mai gemun nan ne na tsakiya, wanda ya zaro ido ya nuna ƙirjinsa kamar mai cewa "Wai ni?", ɗaya hannun nasa kuma har yanzu yana kan kuɗi. Daga baya wasu masana suka ce a sake duba yatsan: ƙila ba kansa yake nunawa ba, saurayin da ke ƙarshen teburi yake nunawa, wanda ya kifa kai yana ƙirga tsaba, bai ma san an shigo ba. Ni dai na fi karkata ga mai gemun, domin shi ya yi kama da Matiyun sauran zane biyun da ke ɗakin. Sai dai rigimar tana nuna wani abu game da hasken: bai ware mutum ɗaya ba. Ya taɓa yaron da ya waiwayo, ya taɓa mai gemu, ya taɓa hannun mai ƙirga. Uku sun ɗago, biyu ba su ɗago ba. A zamanin da Katolika da Furotesta ke ta ce-ce-ku-ce kan alherin Allah da zaɓin ɗan Adam, wannan ba ƙaramar magana ba ce: kiran ya zo daga waje ba tare da kowa ya nema ba, amma tashi daga kujera ya rage ga mai kujera. Paparoma Faransis ya faɗa a wata hira a 2013 cewa kafin ya zama Paparoma yakan je ya tsaya gaban zanen nan in ya zo Roma, yana ganin kansa a matsayin mai zunubin da yatsan ya nuna.

Akwai masu cewa duk wannan dabarar ɗan wasan kwaikwayo ce, kuma mutumin bai cancanci a kira aikinsa ibada ba. Suna da abin kamawa. Sunansa ya cika takardun 'yan doka na Roma: faɗa, yawo da takobi ba izini, jifan ma'aikacin gidan abinci da faranti. A watan Mayu na 1606 ya kashe wani mai suna Ranuccio Tomassoni, ya gudu Napoli, daga nan Malta, daga nan Sisili, ya mutu a 1610 yana ɗan shekara 38 a hanyarsa ta neman afuwar Paparoma. Ni ban ga wannan ya rage wa zanen komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya san yadda mutane ke zama a irin wannan teburi domin ya zauna a kansa, kuma labarin da aka ba shi ya zana na mutumin da ba wanda ya zaci za a kira ne.

Abin da ya fi tayar da hankalin masu ba shi aiki shi ne inda yake sauke haskensa. A majami'ar Sant'Agostino, kusa da nan, ya zana Maryamu tsaye a bakin ƙofa da ɗanta, wasu talakawa biyu maziyarta sun durƙusa, kuma abin da ya fi kusa da idon mai kallo shi ne tafin ƙafar namijin, baƙi da ƙurar hanya. Zanensa na mutuwar Maryamu kuwa 'yan zuhudun da suka sa a yi ƙin karɓa suka yi, don ya nuna ta gawa ce sosai, ƙafafu a waje. Amma Roma ta lokacin ita ce ta Filibus Neri, wani fada da ya mutu a 1595, wanda ƙungiyarsa ke karɓar maziyarta matalauta har manyan gari su durƙusa su wanke musu ƙafa. A wurin masu wannan tarbiyya, ƙafa mai datti a gaban bagade ibada ce.

Hoton da yawancinmu muka fi sani, wanda ke jikin kalanda a shagunan Sabon Gari da bayan motocin haya, Yesu da farar riga da haske biyu, ja da fari, suna fita daga ƙirjinsa, asalinsa daga wahayin da wata sista 'yar Polan, Faustina Kowalska, ta ce ta gani ne, aka fara zana shi a 1934. Masu ibada suna ƙaunarsa, kuma ma'anarsa a fili take: jini da ruwa. A matsayin zane dai, ya faɗi komai tun kafin ka tambaya, babu inuwar da za ka tsaya ka leƙa. Ga kuma wata illa da irin waɗannan kalandu suka jawo, ta sa mutane su ɗauka haske yana nufin farar fata da gashi mai santsi. Masu zanen cocin Habasha, waɗanda ƙasarsu ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, ba su bi wannan hanya ba: rufin majami'ar Debre Berhan Selassie a Gondar cike yake da fuskokin mala'iku masu kamannin Habashawa da manyan idanu, kuma sunan majami'ar ma yana ɗauke da kalmar haske.

Rembrandt, mai zanen Holan, bai taɓa zuwa Italiya ba, amma salon Caravaggio ya iso Holan ta hannun masu zanen Utrecht da suka yi zama a Roma. Shi a ƙasar da aka farfasa hotunan majami'u a 1566 aka shafe bango da farar ƙasa ya tashi, don haka babu bagaden da ke jiran aikinsa. Zanensa na dawowar ɓataccen ɗa, daga Linjilar Luka sura ta 15, labarin ɗan da ya lalata rabon gadonsa a wata ƙasa ya dawo wurin ubansa a tsiyace, a shekarunsa na ƙarshe ya yi shi, bayan ya karye a 1656, ya binne matarsa da 'ya'ya. Ya mutu a 1669. Zanen yanzu yana birnin San Fitasbag na Rasha.

A nan ba taga, ba kyandir, ba wani haske mai ratsowa daga sama. Ka nemi tushensa har ka gaji. Yana nan dai a goshin tsohon da idanunsa suka kusa mutuwa, da hannuwansa biyu da ya ɗora a bayan yaron, ɗaya mai faɗi da ƙarfi, ɗaya siriri mai taushi. Yaron ya durƙusa ya ba mu baya, kai a aske kamar ɗan kurkuku, riga ta zama tsumma, takalmin hagu ya fice ya bar tafin ƙafa a fili, na dama kuma dunduniyarsa ta cinye. Fentin a wurin hannuwan yana da kauri, kamar an ɗora shi da wuƙa, har hasken ɗakin da kake tsaye yakan maƙale a jikinsa.

A gefen dama wani dogo yana tsaye da jan mayafi irin na tsohon, ya haɗa hannuwa a kan sanda. Yawancin masana sun ce wan yaron ne. A labarin Luka yana gona lokacin da ƙanen ya dawo, sai daga baya ya ji kiɗa ya yi fushi ya ƙi shiga, uban ya fito yana lallashinsa, kuma labarin ya ƙare ba a faɗi ko ya shiga ba. Rembrandt ya ɗauko shi daga gona ya tsayar da shi taku biyu daga rungumar. Haske ya kama fuskarsa sosai, daidai da ta uban. Tsakaninsa da su kuwa akwai wani fili mai duhu, da ɗan matakalar da bai hau ba.